Aron Fuska

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na kama sunansa ba. Gari ne irin namu, akwai kasuwa, akwai tasha, akwai unguwannin da famfo kan shekara bai ɗigo ba. Sunan mutumin Jazuli. Ba malami ba ne, ba attajiri ba ne, ba ya cikin waɗanda in sun shigo masallaci ake matsa musu su wuce sahun gaba. Sana'arsa zane. Na baya ku matso, ku saurara, domin labarin nan ba shi da hayaniya, wanda ya yi gyangyaɗi zai wuce shi.

In na ce zane, ba na ɗaurawa nake nufi ba, ba kuma na bulala ba. Yana aiki ne a wani ɗan kamfani mai tsara wa mutane takardu a kwamfuta: kalanda, katin ɗaurin aure, tambarin shago, fastocin da ake liƙawa a bango. Duk aikin da ke son hoton da ba kyamara ce ta ɗauka ba, shi ake miƙa wa. Ya zana da hannunsa, ya shigar a kwamfuta, ya sa launi, a kai maɗaba'a. Na ga wani ya ɗaga gira. Na san abin da ke bakinka, za ka ce, Malam, hukuncin zana mai rai fa? Wannan mas'ala ce mai tsawo, malamai sun yi magana a kanta, tana da ranarta. Yau ba hukuncin sana'arsa na kawo muku ba, halinsa na kawo.

To, ban da aikin ofis, Jazuli yana da wani aiki nasa na kansa, wanda ba wanda ya sa shi. Duk Asabar sai ya ɗauki wani littafi mai baƙin bango da fensir, ya shiga gari yana zana masu neman halal a bakin aikinsu. Mai gyaran takalmi, mai yankan farce, maƙeri, tsohuwa mai daddawa. Ba sayarwa yake yi ba. Cewa yake irin waɗannan mutane sukan ƙare rayuwarsu ba wanda ya taɓa tsayawa ya kalle su sosai, sai dai a miƙa musu takalmi ana kallon wani wuri. Kuma yana da ƙa'ida ɗaya: ba ya zana kowa sai ya roƙa.

Wata Asabar ya iske wani tsoho ɗan ga-ruwa yana hutawa a gindin darbejiya, kurarsa ta ruwa a gefe da jarkoki goma. Sunan tsohon Anaruwa, don ana ruwa aka haife shi, mutane kuwa suka ce suna ya bi mai shi. Yana da bille a kumatun hagu, yana da wushirya, kunnensa ɗaya a ɗan lanƙwashe. Duk garin an san ruwansa. Ba ya ɗiba a rijiyar kusa, sai ya tura kura har burtsatsen bayan gari, ya wuce kududdufi biyu bai ko kalle su ba. Matan gida kan ce ruwan Anaruwa ko jariri a ba shi.

Jazuli ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Baba, ka ara mini fuskarka na ɗan lokaci mana."

Tsoho ya yi dariya har wushirya ta bayyana. Ya ce, "Wannan fuskar? Mai ɗakina ma ta gaji da kallonta. Me za ka yi da ita?"

"Zana ta zan yi, in ajiye a littafina. Ba inda za ta."

"To bismilla. Amma in ka gama ka maido mini, da ita nake zuwa Juma'a."

Ya zana shi zaune, ya zana shi a sunkuye yana cicciɓar jarka. Suka yi sallama. Da ya koma gida ya shigar da zanen a kwamfutarsa, kamar yadda ya saba, don ko littafin ya jiƙe ko ya ɓata.

Aka yi wata biyar. Damina ta yi nisa, sai ciwon amai da gudawa, wato kwalara, ya ɓarke a garin. Wata ƙungiya mai aikin lafiya ta kawo wa kamfanin su Jazuli aikin gaggawa. Fosta ake so wadda ko wanda bai iya karatu ba zai gane. A sama, mace tana tafasa ruwa ta rufe. A ƙasa, mai ruwa yana cika jarka a kududdufi, ƙudaje na yawo, a ja masa jan layi biyu a gicciye, alamar kada a yi. Kwana biyu aka ba su.

Jazuli ya zana matar ba wuya. Da ya zo kan mai ruwa sai hannunsa ya ƙi. Ya zana, kafaɗa ba ta zauna ba. Ya goge, ya sake, bayan ya fito kamar na raƙumi. Lokaci na tafiya, mai kamfanin, Oga Lurwanu, yana ta leƙowa. Sai ya tuna, ai yana da mai ruwa a sunkuye, a shirye, a cikin kwamfutarsa. Ya ce a ransa, jikin kawai zan ɗauka da kurar, fuskar kuwa in sauya.

Ku saurara. Nan ne ƙafa ta zame, kuma ba a kan dutse ba, a kan 'yar tsakuwa.

Ya ɗauko, ya ɗora a bakin kududdufi, ya gama tsari, ya ajiye fayil ɗin, ya sa masa suna "na ƙarshe", don haka suka saba. Sannan ya tuna da fuska. Ya goge ta, ya zana wata, ya sake ajiyewa, ya sa wa wannan suna "na ƙarshe sosai". Masu wannan sana'a sun san abin da nake faɗa, a wurinsu na ƙarshe ba ya ƙarewa, akwai ma "na ƙarshe wallahi". Ya fita sallar azahar. Maɗaba'a ta bugo waya tana jira. Wata ma'aikaciya mai suna Rumasa'u, wadda aikinta ke nan tura fayil, ta buɗe ta ga an rubuta "na ƙarshe", ta tura, kamar yadda duk mai hankali zai yi. Aka buga ɗari uku, aka bi gari aka liƙa.

Bayan kwana huɗu Jazuli na wucewa ta bangon kasuwa, ya ɗaga kai, sai ga Anaruwa yana kallonsa. Ga bille, ga wushirya, ga kunnen, ga jan layi biyu a kan ƙirjinsa, ga ƙudaje. Ya zauna a bencin wani mai shayi da ke kusa, bai ma san ya zauna ba. Yana nan sai ya ji mai shayin ya ɗaga murya.

"Jama'a, a rufe kofuna, ga Baba Kwalara nan tafe!"

Aka fashe da dariya. Tsohon ne ya ɓullo yana tura kura, kansa a ƙasa. Wanda ya san 'yan ga-ruwa ya san kurar da ta sayar tana da ƙara, jarkokin wofi suna ta kwaramniya. Wannan shiru take, tayoyinta sun lotse. Rana ta take, mutumin da kan sayar da zuwa biyu kafin hantsi bai sauke jarka ɗaya ba.

Jazuli ya miƙe sai ofis. Ya shiga wurin Oga Lurwanu ya faɗa masa komai. Shi kuwa Oga Lurwanu, kada ku ɗauke shi mugu, mutum ne mai sallah, mai biyan ma'aikatansa a kan kari. Ya ce, "Jazuli, zauna tukuna. Sunansa na jikin fostar?"

"Babu, Oga."

"Hoton kyamara ne?"

"Zane ne."

"To mutum nawa ne mai bille a garin nan? Ka yi da gangan?"

"Allah ya sani ban yi ba."

"Shi ke nan. In ma mai laifi ake nema, ai ba kai ka tura ba, Rumasa'u ce."

Jazuli ya ce, "A'a, Oga, a bar baiwar Allah nan. Abin da na rubuta wa na ƙarshe ta tura. Ba ita ta shigo da fuskar mutum ofis ba, ni ne."

Oga ya gyara zama, ya ce, "To bari ka ji wadda ta fi wannan. Tun da aka liƙa takardun nan mata suka fara tafasa ruwa. Jiya yara aka kwasa zuwa asibiti daga unguwar bayan tasha. So kake a yage? In ka yage ɗaya, wani ya sha ruwan kududdufi ya kwanta, wa zai ɗauki alhakin? A sake bugawa kuwa, sai mun je mun tona wa kanmu asiri wurin masu aikin, daga nan kuma ba za su ƙara taka ƙofar nan ba. Mutum tara ke cin abinci a nan. Ka yi istigfari, ka yi shiru. Damina na wucewa ruwa zai wanke takardun, mutane su manta."

Jama'a, ku tsaya a nan tare da ni. Da maganar Oga ƙarya ce zalla, da abin ya zo da sauƙi, don ƙarya zalla ko yaro ya gane ta. Abin da ke kayar da mutanen kirki shi ne maganar da rabinta gaskiya ce. Fostar tana amfani, gaskiya ne. Bai yi niyya ba, gaskiya ne. Lafiyar gari ta fi cinikin mutum ɗaya, wa zai musa? Na daɗe ina juya wannan ma'auni a raina. Abin da na gano shi ne, duk sanda aka ce a bar mutum ɗaya ya cutu don jama'a su amfana, ku duba da kyau, mai faɗar maganar ba ya taɓa zama shi ne mutum ɗayan. Kullum wani ne, kuma kullum wanda ba shi da baki ne.

Jazuli bai yi gardama ba. Ya ce, "Oga, ba zan yage ko ɗaya ba. Amma ka ba ni izini in je in ga tsohon."

Ya same shi bayan la'asar a gindin darbejiyar nan, kura a cike. Ya yi sallama, ya durƙusa. Da ƙyar ya ce, "Baba, takardar nan da ke bango, ni ne."

Tsoho bai ɗago ba. Ya ce, "Na sani."

"Ka sani?"

"Tun ranar farko. Dubi kafaɗar rigata, ka ga ɗinkin nan da baƙin zare? Yana jikin takardar. A duniyar nan mutum ɗaya ne ya taɓa kallona har ya ga ɗinkin nan."

"Me ya sa ba ka neme ni ba, Baba?"

"In neme ka a ina? Kuma na ce wa kaina, in ɗan halak ne zai zo da ƙafarsa. In ba shi ba ne, zuwana ba zai ƙara komai ba sai dariya." Sannan ya ce, "Aro ka ce. Ka ce ba inda za ta."

"Haka na ce."

"To ga ta a tasha, ga ta a kasuwa, ga ta a ƙofar makarantar da jikata ke zuwa. Shekara ashirin da shida ina wuce kududdufi. Gwiwoyin nan a hanyar burtsatse suka ƙare. Jiya da ruwan ya ƙi sayuwa na juye shi a randar masallaci, sadaka. Da idona na ga wani ya yi alwala da shi ya tsallake kuskurar baki."

Jazuli ya kwashe yadda aka yi ya faɗa masa, bai rage ba, bai jingina wa kowa ba. Ya ce, "Baba, don Allah ka yafe mini."

Tsoho ya ce, "Ɗana, yafiya ba ta da wuya, baki ne. Na yafe. Amma yafiyata ba za ta sayar da jarka ɗaya ba. Ko ka kankare ni daga bango, wa zai kankare ni daga bakin mutane?"

Wannan tambaya ita Jazuli ya tafi da ita gida.

Washegari da safe dabara ta zo masa. Ba sai an yage fosta ba. Zai buga 'yar sitika kamar tafin hannu, mai wata fuskar, ya bi ya manna a kan ta tsohon. Saƙon lafiya na nan, tsoho ya fita. Ya buɗe fuskar da ya ƙirƙira tun farko, wadda ke cikin "na ƙarshe sosai", ya kira matarsa Hansatu tana tsakar gida tana tankaɗe.

"Zo ki gani. Kin san wannan?"

Ta leƙa, ta ce, "Ai Kawu Ɗanlami ne mai gyaran keke, gemun kawai ka rage masa."

Ya ɗauki fensir ya zana wata. Ta ce, "Wannan kuma ladanin unguwar su Inna." Ya sake wata. Ta karkata kai, ta ce, "Goshin dai na mijin Yaya ne." Sai ya ajiye fensir. Ya gane hannunsa ba ya ƙirƙirar komai, tarawa yake yi. Duk hancin da zai zana na wani ne, duk goshi yana da mai shi. Zai sauke kaya daga kan wani bawan Allah ne ya ɗora wa wani.

Can ya ce ta miƙo masa madubinta. Ya jingina shi da bango, ya fara zane yana kallon ciki.

Ta ce, "Abban Nusaiba, me kake yi haka?"

Ya ce, "Fuskar da ba sai na roƙi kowa ba."

Ta ajiye rariya. Ta ce, "Ba sai ka roƙi kowa ba? Ni fa? Ni ce zan shiga gidan suna a ce ga matar Kwalara ta iso, a ɗauke kofi. Nusaiba fa, ba makaranta take zuwa ba?"

Kun ji? Ya kusa maimaita laifin nan a cikin gidansa, yana tsammanin gyara yake. Ashe ko fuskarka ba taka ba ce kai kaɗai. Ya sauke fensir, ya ce, "Gaskiyarki. Na yi gaggawa. To ina roƙo. In kin ce a'a, na bari, in nemi wata hanyar."

Hansatu ta koma kan turmi ta zauna. Ta ci gaba da tankaɗe har ta gama. Sannan ta ce, "Tsohon nan, yau kwana nawa bai yi ciniki ba?"

"Biyar."

"Mu dariya za a yi mana, shi tukunyarsa ce ba ta hau wuta." Ta kakkaɓe hannunta. "Nusaiba ni zan yi mata bayani. Zana. Amma ka ji tsoron Allah a kan hancin nan, kada ka ƙara masa, ya isa haka."

Bai yi a ɓoye ba. Ya fara zuwa wurin Oga Lurwanu ya nuna masa. Oga ya kalli sitika, ya kalli Jazuli, ya ce, "Kai wane irin mutum ne? Ba da yawuna ba. In masu aikin suka yi magana, kai kaɗai ne."

"Na yarda, Oga."

Ya buga su daga aljihunsa, ya sayi gam, ya zaɓi ranar kasuwa, lokacin da ta fi cika. Ya tsaya a bangon nan na kusa da mai shayi, ya shafa gam, ya manna, ya goge da tafin hannu. Mai shayi ya leƙo.

"Kai malam, me kake liƙa wa Baba Kwalara?" Ya matso, ya dubi bango, ya dubi Jazuli, ya sake duban bango. "La ila! Jama'a ku zo ku ga ikon Allah, mutum ya liƙa kansa!"

Mutane suka taru. Jazuli mutum ne mai kunya, muryarsa ba ta da ƙarfi, amma ya ɗaga ta iyakar iyawarsa. Ya ce, "Ni na zana wannan takarda. Saƙon da ke ciki gaskiya ne, a tafasa ruwa. Amma Baba Anaruwa bai taɓa ɗibar ruwan kududdufi ba, daga burtsatse yake kawowa. Fuskarsa ya ara mini, na saka ta inda bai ba ni izini ba. Kuskurena ne."

Wani ya ce, "To kai a kududdufi kake ɗiba?"

Ya ce, "Ni ko tura kura ban iya ba."

Aka kwashe da dariya. Mai shayi ya ce, "An yi sabon naɗi! Kwalara ta sauya gida!"

Ya wuce ta gaba. Ya shafa, ya manna, ya faɗi maganar nan. Ta gaba, ya shafa, ya manna, ya faɗa. Inda ya tarar da mutum hamsin ya faɗa, inda ya tarar da tsohuwa ɗaya mai gyaɗa ya faɗa mata. Kwana tara yana yi, kafin aiki da bayan an tashi. Ruwan sama ya ɗaye wasu, ya koma ya sake mannawa. A tasha 'yan kamasho suka riƙa yi masa kirari. A wurin mai abinci aka ce a ware masa kofinsa. Wani abokinsa ya tare shi ya ce, "Jazuli, ka zubar da mutuncinka a titi." Ya ce, "Na wani na zubar, nake kwashewa."

Ku lura da wani abu. Da a ɓoye ya bi ya manna, da bango ya gyaru, bakin mutane bai gyaru ba. Amma labarin mutumin da ke yawo da gam yana liƙa fuskarsa ya fi labarin tsohon daɗi a baki, sai ya ture shi. Ya shiga gidaje, ya shiga wurin masu kitso, duk inda ya shiga kuma da jelarsa yake shiga: ashe ruwan Anaruwa na burtsatse ne.

Na ga kuna jira in ce daga nan wani attajiri ya ji labari ya kira shi ya ba shi gida da mota. Ba a yi haka ba, ba kuma zan ƙara wa labari gishiri don ya yi muku daɗi ba. Masu aikin sun ji, ba su ji daɗin an taɓa takardarsu ba. Oga Lurwanu bai kore shi ba, amma ya janye shi daga manyan ayyuka, ya mayar da shi kan katin biki da tambarin shago, ya yi shekara da shekaru a nan. Hansatu ta sha abin da ta hango a gidajen suna, ta haɗiye. Sunan kuwa ya manne masa fiye da gam. A garin in ka ce Jazuli sai a ce wanne, in ka ce Kwalara sai a nuna maka gidan. Gidajen da tsohon ke kai wa ruwa ma ba duka suka dawo ba, wasu sun riga sun kama wani, sun tafi ke nan. Ɓarna ba ta gyaruwa kamar ba a yi ba.

Amma fastocin sun tsaya a bango har ciwon ya wuce, ba a yage ko ɗaya ba. Kuma wata safiya, wajen mako uku da fara yawon gam, Jazuli na kan hanyar ofis da hantsi sai ya ji kwaramniya a bayansa, jarkokin wofi na dukan juna. Ya waiga. Anaruwa ne, yana tura kura da hannu ɗaya, zai koma burtsatse zuwa na biyu. Tsoho ya tsaya, ya dube shi sama da ƙasa.

Ya ce, "Malam Kwalara, an tashi lafiya?"

Jazuli ya ce, "Lafiya lau, Baba."

"Ɗana, wancan karon da na ce na yafe, bakina ne ya faɗa. Yau ni ne na faɗa. Na yafe maka duniya da lahira." Ya kama kurarsa ya wuce.

To jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi. Laifin da ke tsakaninka da Ubangijinka, ka tuba, Shi mai gafara ne. Amma wanda ka ɓata wa suna, istigfarinka a ɗaki ba ya maido masa da abincinsa. Inda ka yi ɓarna, nan za ka je ka yi gyara. Wanda ka kunyata a kasuwa, ba a lungu za ka ba shi haƙuri ba. "Ban yi niyya ba" tana iya rage maka zunubi, amma ba ta ɗauke maka gyara. Kuma in za ka gyara, ka gyara da naka, kada ka ɗebi mutuncin wani ka toshe ramin da ka haƙa.

Ban ce kowa ya je ya liƙa fuskarsa a bango ba. Na sha tambayar kaina ko akwai hanyar da ta fi tasa sauƙi, wataƙila akwai, ban dai gano ta ba. Abin da na sani shi ne, da aka rasa wanda zai ɗauki kayan, bai waiga yana neman wani ba.

Kada wani ya ce, ai ni ba mai zane ba ne, ba ruwana. Sa hannu a aljihunka. Wayar nan fuskar mutum nawa ce a ciki? Wanda ya faɗi a kan babur aka ɗauke shi ana dariya, ka tura. Matar da aka ce ta yi kaza, ba ka san ta ba, ba ka ga komai ba, ka tura. Muryar da abokinka ya aiko maka kai kaɗai, ka tura. Jazuli ɗari uku ya liƙa, a gari ɗaya, da kuskure, ya kwana tara yana bi da ƙafarsa. Kai naka da ganganci ne, da ɗan yatsa ɗaya, kuma ya tafi garuruwan da ba ka taɓa jin sunansu ba. Da wace ƙafar za ka bi shi?

Kowannenmu, ni da ku, akwai sunan wani da ya faɗo masa a rai tun ɗazu. Kada ka kore shi. Mutumin nan yana da rai yau, yana da ƙofar gida, ka san hanya. Ka je tun yana iya ce maka na yafe, ka kuma tambaye shi abin da ya rasa ta dalilinka, ka tsaya ka ji amsar ko da ɗaci. Gara ka sha kunyar kasuwa ɗaya da ka sha ta ranar da za a tara na farko da na ƙarshe.

Allah ya rufa mana asiri, ya hana mu zama sanadin tonon na wani. Wanda muka cuta muna sane da wanda muka cuta ba mu sani ba, Allah ya ba mu ƙarfin zuciyar zuwa ƙofarsa. Ku ce amin, mu tashi, lokacin salla ya gabato.